Tsokaci kan ajin Turanci na manya a wata cibiya ta Birnin Kebbi, da yadda ake koyar da kalmar “able”

Wuraren darasin yamma sun yawaita a Birnin Kebbi, kuma mafi yawansu abu ɗaya suka sa a gaba, wato shirya yara domin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, inda ake tara tsofaffin tambayoyi a bi su ɗaya bayan ɗaya har yaro ya haddace amsa. Cibiyar da nake son yin tsokaci a kanta, wadda ke saman wani bene a ɓangaren Badariya, tana yin wannan aikin ita ma, amma tana da wani aji na dabam na manya da ake shiga bayan sallar la'asar a tashi gab da magariba. A cikinsa za ka tarar da ma'aikatan sakatariya, da malaman firamare, da ma'aikatan jinya, da matasan da suka kammala Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru ko Jami'ar Tarayya da ke Kalgo suna neman aiki. Ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma aikina ya ƙunshi rubuta wasiƙu da rahotanni da takardun shaida ga waɗanda ke ƙarƙashina, abin da ya sa na shiga ajin na zauna a cikinsa tsawon zango guda. Hukuncina shi ne ajin ya cancanci kuɗinsa saboda hanyar koyarwar malaminsa, duk da cewa tsarin wurin yana buƙatar gyara sosai.

Hanyar malamin ita ce ya ɗauki kalma ɗaya tak ya yi mako guda a kanta, ya faɗi inda ta fito, ya jero danginta, sannan ya nuna yadda take zama a cikin jimla da kuma wuraren da mutanenmu suke tuntuɓe da ita. Wanda ya ji wannan daga nesa zai ce ɓata lokaci ne, domin Turanci yana da dubban kalmomi, kuma idan aka bi su mako-mako ba za a je ko'ina ba. Amma kalmomin da yake zaɓa ba a banza yake zaɓarsu ba, irin waɗanda idan ka riƙe su da kyau za su jawo maka wasu masu yawa ne. Makon da aka yi a kan sifar nan “able”, wadda ke nuna iyawa, shi ne ya fi nuna ƙarfin wannan hanya da kuma rauninta, shi ya sa zan tsaya a kansa.

Ya fara da asali. Kalmar ta shiga Turanci ne a ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga Latin, inda take “habilis”, ma'ana abin da ke da sauƙin riƙewa ko sarrafawa, abin da ya dace da hannu. Ita kuma “habilis” ta fito ne daga aikatau “habere”, wato riƙewa ko mallaka. Daga abin da ya dace a riƙe, ma'anar ta koma kan mutumin da ya dace da aiki, daga nan ta koma kan wanda yake da iko ko ƙwarewar yin aikin. Harafin “h” na farkon kalmar ya faɗi tun a bakin Faransawan wancan zamani, kuma ko da wasu masana suka yi ƙoƙarin mayar da shi cikin rubutun Turanci daga baya, bai zauna ba. Dalilin da ya sa Faransanci ya cika Turanci haka, in ji malamin, shi ne cin ƙasar Ingila da Normawa suka yi a shekarar 1066 ƙarƙashin Wiliyam, bayan haka harshen fada da na kotu da na manyan gari ya zama Faransanci na tsawon ƙarnuka, talakawa kuma suna nan da Turancinsu, har harsunan biyu suka cakuɗe.

Abin da ya sa wannan bayani bai zama labarin nesa ba shi ne yadda ya jingina shi da abin da kowa ya sani a ƙasar Gwandu. Ya tambayi ajin daga ina muka samo “alƙali” da “hukunci” da “shari'a” da “daraja”, aka amsa masa baki ɗaya cewa daga Larabci ne, ya ce to ta ƙofar ilimi da mulki suka shigo, kuma ta irin wannan ƙofar Faransanci ya shiga Turanci. Sannan ya rubuta “ƙudura” da “ƙaddara” a kan allo, ya tunatar da waɗanda suka yi karatun zaure cewa saiwarsu ɗaya a Larabci, kuma saiwar tana ɗauke da ma'anar iko. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami yana koyon sarfu ya san cewa idan ka gane saiwa ka gane 'ya'yanta, kuma wannan sanin ne malamin ya aro ya ɗora Turanci a kansa. A nan take ya fitar da “ability” da “unable” da “enable” da “disable” da “rehabilitate”, har da “habit”, ya nuna cewa duk a gindin “habere” suke. A ganina wannan ita ce babbar hikimar ajin, domin bai ɗauki ɗalibansa a matsayin waɗanda ba su san komai ba, sai ya nemi ilimin da suke da shi tun daga gida ya yi aiki da shi.

Akwai wani matashi a ajin, mutumin Kamba, wanda ya yi wani ɓangare na karatunsa a Gaya ta Jamhuriyar Nijar, ya ɗaga hannu ya ce: “Allah gafarta Malam, mu a can muna da ‘habile’, ana rubuta ‘h’ amma ba a furta shi, kuma ana faɗinta ga mai gwanintar hannu.” Malamin ya ji daɗi ƙwarai, ya kira shi gaban allo ya rubuta kalmar kusa da “able” da “habilis”, ya ce wa ajin su duba, ga uwa ga 'ya'yanta biyu, ɗaya ta zauna a Faransa ɗaya ta haye teku. Jiharmu tana iyaka da Nijar da Benin, kuma akwai mutane da yawa a Kamba da Dole Kaina da Lolo waɗanda Faransanci ba baƙo ba ne a kunnensu, amma ban taɓa ganin malamin Turancin da ya ɗauki wannan a matsayin dukiya ba sai a wannan aji.

Ya kuma yi gargaɗi a kan wani abu da ke ruɗar mutane, wato ɗafa-ƙeyar nan da ke ƙarshen kalmomi irin su “readable” da “payable” da “drinkable”. Ko da yake rubutunta daidai yake da na kalmar “able”, asalinta dabam ne, domin daga ɗafa-ƙeyar Latin “abilis” ta fito, kuma 'yar'uwarta ita ce wadda ke ƙarshen “possible” da “visible”. Bambancin ya wuce na tarihi, ya shafi ma'ana. Idan aka ce mutum “able” ne, shi ne mai aikatawa, amma idan aka ce ruwa “drinkable” ne, ruwan ba ya shan komai, shi ake iya sha. Wannan ɗan bayani ya warware wa ma'aikatan kuɗi da ke ajin ma'anar kalmomin da suke gani kullum a takardun biyan kuɗi ba tare da sun taɓa tsayawa a kansu ba.

Sashen da ya fi amfani ga mai rubutun ofis shi ne na nahawu, kuma a nan ne malamin ya fi daɗewa. Ya nuna cewa Bahaushe yana da aikatau “iya” wanda ke shiga kowane lokaci ba tare da wahala ba: na iya, ina iya, zan iya, da na iya. Turanci kuwa kalmarsa ta “can” gurguwa ce ta fuskar lokaci, ba ta da siffar da za ta bi bayan “will” ko “have” ko “to”, don haka sai harshen ya ɗauko “be able to” ya cike gurbin. Shi ya sa wanda yake son ya ce “zan iya zuwa” yakan ce “I will be able to come”, kuma wanda yake son ya ce “ban samu damar zuwa ba tun makon jiya” zai yi amfani da “have not been able to”. Daga nan ya shiga kuskuren da ya fi yawa a bakin 'yan Nijeriya, kudu da arewa, wato haɗa “can” da “be able to” a wuri ɗaya, a ce “I can be able to do it”. Ya ce kalmomin biyu aiki ɗaya suke yi, kuma haɗa su kamar mutum ya sa hula biyu ne a kai ɗaya. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce: “Malam, ai har manyanmu haka suke faɗi a wurin taro.” Ya amsa mata da cewa: “Gaskiya ne, Hajiya, kuma kowa zai fahimce ki idan kin faɗa, amma mai duba takardar neman aiki ko ta ƙarin girma jan biro zai sa a ƙarƙashinta.” Na yaba da wannan amsa domin bai raina masu faɗin haka ba, bai kuma ɓoye wa ɗalibarsa abin da zai cutar da ita ba.

Akwai kuma bambancin “could” da “was able to”, wanda littattafan sakandare da yawa suke wucewa a kansa da sauri. Malamin ya kawo misali da masuncin Argungu. Idan kana nufin cewa tun yana yaro ya iya iyo, wato iyawa ce da ke tare da shi a kowane lokaci, “could” ta wadatar. Amma idan kana ba da labarin rana ɗaya da kogi ya cika ya tumbatsa, shi kuma ya yi ƙoƙari ya haye, to “was able to” ce ta dace, domin tana nuna cewa abin ya auku kuma an yi nasara. Idan kuma an kasa ne, “could not” tana shiga duka biyun. Ga mai rubuta rahoton aiki wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai tazara tsakanin rahoton da ke cewa ma'aikata suna da halin raba taki da wanda ke cewa sun raba shi.

Bayan haka aka zo kan maƙwabtan kalmar, “capable” da “competent”, waɗanda mutanenmu suke musanyawa da “able” yadda suka ga dama. “Capable” ta shigo Turanci daga baya, a ƙarni na 16, daga Latin “capere”, wato ɗauka ko ƙunsa, kuma daga tushen nan ne “capacity” ta fito, shi ya sa har yanzu take ɗauke da ma'anar abin da mutum ko na'ura za su iya ɗauka. Injin casar shinkafa ana cewa “capable” ne na casar buhu kaza a yini. Ginin jimlarta ma dabam ne, domin “able” tana tafiya da “to” sannan aikatau, ita kuwa “capable” tana tafiya da “of” sannan aikatau mai ƙarewa da “ing”, kuma cakuɗa su a ce “capable to do” kuskure ne da ake gani a takardun ofis ba adadi. Malamin ya ƙara da cewa “capable of” tana shiga mugun abu yadda take shiga na kirki, ana iya cewa mutum “capable” ne na yin ƙarya ko sata, don haka mai rubutu ya kula da abin da ya biyo bayanta. “Competent” kuwa daga “competere” take, wato dacewa ko haɗuwa a kan abu, kuma abin da take nufi shi ne mutum ya kai mizanin da ake buƙata, bai gaza ba, amma ba lalle ya yi fice ba. A harshen shari'a kuma tana nufin hurumi, kamar yadda ake cewa kotun da ke da hurumin sauraren ƙara. Korewarsu ma ba iri ɗaya ba ce: “unable” amma “inability”, sannan “incapable” da “incompetent”, kuma ta ƙarshen nan zargi ne mai nauyi da bai kamata ya shiga fayil ɗin ma'aikaci ba sai da hujja.

Wannan sashe ya shafi aikina kai tsaye. Takardar shaida amana ce, domin da ita ake ɗaukar mutum aiki ko a ba shi gurbin karatu, kuma wanda zai karanta ta a Abuja ko a wata jami'a ta waje yana auna kowace kalma. Idan shugaba ya rubuta cewa ma'aikacinsa “competent” ne alhali yana nufin gwani ne na gaske, ya rage masa daraja ba da niyya ba. Idan kuma ya rubuta “an able administrator”, ya ba shi shaidar ƙwarewa da hazaƙa, domin idan “able” ta zo kafin suna ma'anarta tana ƙaruwa daga iyawa zuwa gwaninta. A nan ne aka taɓo “our able chairman” da sanƙiran taro suke yawan faɗi a bikin ƙaddamarwa da na rantsarwa. Malamin ya ce ta fuskar nahawu babu laifi a cikinta, sai dai yawan faɗinta ga kowa ya sa ta rasa nauyi a kunnen mutane, kuma ya shawarci masu rubuta jawabi su faɗi aikin da mutumin ya yi a maimakon jingina masa sifar. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin jawabin da ya ce shugaba ya gyara rijiyoyin burtsatse na gunduma ya fi yi masa amfani a kan wanda ya jera masa kirari.

Ranar ƙarshe ta makon an yi ta ne a kan “disabled” da “disability”, kuma malamin ya bi zancen da natsuwa. Ya nuna cewa a rubutun hukuma yanzu an fi son a ambaci mutum kafin lalurarsa, a ce “persons with disabilities”, kamar yadda yake a sunan dokar hana nuna musu wariya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, kuma kamar yadda mu ma muka koma cewa masu buƙata ta musamman. A daidai wannan wuri ne babban laifin cibiyar yake fitowa fili, domin ajin yana saman bene, matakalar kuma ƙunci gare ta ga tsayi, babu ko abin dafawa a gefe ɗaya. Akwai wani malamin firamare mai tafiya da sanda wanda kullum sai abokan karatu sun taimaka masa ya hau, kuma akwai ɗaki a ƙasa da ake ajiye tsofaffin bencina wanda da an share shi da ya wadatar. An yi wa masu wurin magana, suka ce za a duba, har zangon ya ƙare ba a duba ba.

Sauran kurakuran ba su kai wannan nauyi ba, amma suna rage amfanin karatun. Ajin ya cika fiye da kima, na baya ba sa ganin allo sosai, kuma idan wuta ta ɗauke a watannin zafi na Maris da Afrilu zama a ɗakin yana zama wahala, domin janareton wurin ofis kawai yake ba wuta. Takardun da ake rabawa hoton kwafi ne da aka yi ta maimaitawa har wasu haruffa suka shafe, abin da bai dace da darasin da ya dogara kan bambancin harafi ɗaya ba. Ta ɓangaren koyarwar kanta, raunin da na gani shi ne ƙarancin magana. An yi bayani mai kyau cewa wasalin farko na “able” dogo ne mai lanƙwasa, alhali a “ability” gajere ne kuma nauyin furuci yana komawa gaɓa ta biyu, amma malamin ne ya furta, ɗalibai suka maimaita baki ɗaya sau biyu, aka wuce. Wanda ya zo domin ya gyara bakinsa saboda ganawar neman aiki ba zai samu abin da yake nema ba. Haka kuma son tarihin kalma yakan ja malamin ya yi nisa, wani lokaci a shafe rabin darasi a Rum da Faransa, har a kira magariba ba a yi aikin rubutun da aka tsara ba. Matan aure da ke ajin, waɗanda dole su tashi da wuri, su ne suka fi yin asara a irin waɗannan ranaku.

Sai dai aikin gida yana cike wani ɓangare na wannan giɓi. Kowane ɗalibi yana kawo takarda ta gaske daga wurin aikinsa, bayan ya goge sunaye, ko kuma wasiƙar neman aikin da yake shirin aikawa, malamin ya tafi da su gida ya dawo da su da gyara a gefe, kuma ba ya tsayawa ga jan layi, sai ya rubuta dalili. A takardar wani matashi da ya rubuta cewa shi “capable to work under pressure” ne, malamin ya gyara ginin jimlar, sannan ya rubuta masa da Hausa a ƙasa cewa ya kawo misali ɗaya na aikin da ya taɓa yi cikin matsi, domin kowa yana rubuta wannan jimla. Irin wannan kulawa ba a samunta a manhajar waya, ba a kuma samunta a ajin da malami ɗaya yake fama da yara ɗari.

Kuɗin ajin wata-wata ake biya, bai fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci ba, kuma suna karɓar rabi a farkon wata a cika idan albashi ya shigo. Ba sa tilasta sayen littafi, amma malamin yana son kowa ya zo da ƙamus, na takarda ko na waya, wanda ke nuna furuci da misalan jimla. Ajin ya dace da wanda ya riga ya iya karatu da rubutu da Turanci, yana kuma son ya san dalilin abin da yake rubutawa, musamman ma'aikatan ofis da malaman makaranta da masu shirin karatun gaba da digiri. Wanda yake farawa daga tushe zai sha wahala a cikinsa, kuma ɗalibin da jarrabawarsa ta rage wata biyu gara ya shiga ajin yara na safe. Mai niyyar shiga ya je da wuri ya samu bencin gaba, ya kuma tambayi masu wurin tun kafin ya biya ko malamin nan ne zai ɗauki zangon, domin a ranakun da wani ya riƙe masa ajin karatun yakan koma karanta takarda da cike gurbi kawai.